Yadda ake nema wa ɗan firamare kujerar motar makaranta a Makka

Duk shekara, a makon farko na komawa makaranta, iyaye mata kan cika ƙofar ofishin mudira, wato shugabar makaranta, kowacce riƙe da hannun yaro, ana roƙon a taimaka a sa shi a mota. Mudira kuwa ba ta da kujerar da za ta bayar. An riga an raba kujerun tun watannin baya a cikin Nur, shafin Ma'aikatar Ilimi da ake yi wa yara rajista ake kuma duba sakamakonsu, lokacin da mu muke can muna fama da hidimar gida da ta baƙin Allah. Wanda ya cike da wuri, bayanansa kuma suka yi daidai, shi ke gaba. Wanda ya jira sai ya ga motar a titi, sai dai ya shiga layin jira.

A nan Makka aka haife ni, kakannina ne suka taso daga ƙasar Kano suka biyo ta Sudan. 'Ya'yana suna da hawiyya, wato katin ɗan ƙasa, ta wajen mahaifinsu, 'ya'yan ƙanwata kuma igama, wato takardar zaman baƙo, gare su, don haka na ga abin ta fuska biyu. Da yake hannuna ya ɗan faɗa da waya, matan layinmu ni suke kawo wa tasu bayan isha in cike musu. Abin da zan faɗa a nan daga wannan zaman na tara shi.

Ki fara sanin masu abin. Ma'aikatar Ilimi ce ke da hidimar, amma ba ita ke tuƙa motocin ba. Akwai kamfanin gwamnati na jigilar ɗalibai, wanda aka fi sani da Tatweer, yanzu kuma ake kiransa Rafed, shi ke tsara hanyoyi yana ba 'yan kwangila su kawo motoci da direbobi. Makaranta nata shi ne ta tabbatar yaron ɗalibinta ne, ta kuma sa wani daga ma'aikatanta ya kula da hawa da sauka. Wannan mai kula da harkar motar shi ne mutuminki, ko mutuniyarki in makarantar mata ce. Ki san fuskarsa tun da wuri, ya fi mudir sanin motar da ta cika da wadda ke da sauran wuri.

Hidimar ta makarantun gwamnati ce. Yaron da ke makarantar kuɗi, ko irin makarantun da jama'a suka kafa wa kansu a cikin unguwa, ba ya ciki, komai nisan gidansu. A makarantun gwamnatin ma ba kowacce ke da mota ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane haushi, kuma shi ne ya kamata a fara tambaya tun ranar da ake zaɓa wa yaro makarantar aji ɗaya: shin tana cikin waɗanda aka ware wa mota? In ba ta ciki, ko yaronki ya cika kowane sharaɗi, ba inda za a ɗora shi. Wata maƙwabciyata ta tsallake makarantar da ke gindin dutsenmu ta kai 'yarta wata mai nisa saboda an yaba mata malamanta. Karatun dai ta samu, amma motar wannan makaranta unguwannin da ke kewaye da ita take zagawa, ba ta hawo wajenmu. Har 'yar ta gama aji shida kuɗin direba suke biya. Ban ce ta yi kuskure ba, karatu ya fi mota, amma ai gara mutum ya shiga abu da idonsa biyu.

Akwai wani wuri da iyayen yara maza kan yi tuntuɓe. Tun 2019 aka fara tsarin da ake sa yara maza 'yan ajin farko-farko a makarantun da malamai mata ke koyarwa, daga baya in sun girma su koma makarantar maza. Ranar da yaro ya sauya makaranta, kujerarsa ba ta biyo shi. Sabon nema za a yi, kuma mai yiwuwa sabuwar makarantar ba ta da mota sam. Haka wanda ya gama firamare zai shiga mutawassid, wato ƙaramar sakandare. Kuma ko bai sauya makaranta ba, neman na shekara ɗaya ne. Kujerar bara ba ta bana ba ce, sai an sake cikewa.

Sai maganar takarda, wadda mutanenmu ba sa son a yi ta a fili. Ni kuwa zan yi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nur da lamba ya san yaro: ko ta hawiyya, ko ta igama. A layinmu, yaran da nake gani suna hawa motar nan mai ruwan ɗorawa galibinsu 'ya'yan masu hawiyya ne. Saboda haka in igama gare ku, kada ki ɗauka karɓar yaro a makarantar gwamnati ta haɗa da kujerar mota. Ki je da ƙafarki ki ji daga bakin mai kula da motar abin da ka'idar wannan shekara ta ce game da yaronki, ki cike in an ce ki cike, amma ki fara shirya wata hanya tun kafin amsa ta fito. Ki kuma tabbatar igamar yaron da ta mahaifinsa ba su mutu ba, domin takardar da ta mutu kan tsayar da abubuwa da yawa a makaranta, ba mota kaɗai ba.

Yaron da uwarsa 'yar ƙasa ce, ubansa kuma mai igama, doka ta ce a yi masa irin abin da ake yi wa ɗan ƙasa a harkar karatu da asibiti. Irin wannan aure yana da yawa a cikinmu, tun da dangi ɗaya ne, wani ya samu takarda wani bai samu ba. Sai dai kwamfuta ba ta san zumunci ba. In ba a shigar a fayil ɗin yaron cewa uwarsa 'yar ƙasa ce ba, baƙo kawai za a gan shi. Ki ɗauki hawiyyarki da takardar haihuwarsa ki kai makaranta a gyara, ki tsaya har ki ga an gyara a gabanki.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki natsu, wato adireshi. A ganina rabin waɗanda aka hana a unguwarmu nan ne abin ya lalace musu, su kuma suna ta zargin an yi son kai.

Kujeru ba su kai yawan masu nema ba, dole a tantance. Ana duba nisan gida da makaranta, ana duba halin da iyalin ke ciki, ana duba lafiyar yaro. Nisan nan kuwa ba wanda zai zo ya auna shi da ƙafa. Abin da kika rubuta, da ɗigon da kika sa a taswira, su ne gidanki a wurinsu. Ki fara da adireshin ƙasa, wanda hukumar gidan waya ke bayarwa, mai lambar gini da sunan titi da unguwa, da kuma gajerensa mai haruffa huɗu da lambobi huɗu. Ki buɗe ki karanta da idonki ki ga ko gidan da kuke ciki yanzu ne. Mutanenmu da yawa sun yi ƙaura a 'yan shekarun nan saboda rushe-rushen tsofaffin unguwanni, a nan Makka da kuma Jidda, inda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka tashi su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara. Iyali sun koma can bayan gari, yaro yana nan a tsohuwar makarantarsa, adireshi kuma yana nan a gidan da babu shi. A takarda yaron yana kusa da makaranta, a zahiri kuwa tafiyar rabin gari ce. Wa zai ba shi mota? A gyara adireshin tukuna, a kai wa makaranta shaidar sabon gida, ko kwantiragin haya na Ijar, shafin gwamnati na rajistar haya, ko takardar kuɗin wuta. In ma nisan ya yi yawa, ki yi tunanin mayar da yaron makarantar sabuwar unguwa, ya fi sauƙi a kan a ja mota ta biyo shi.

Ɗigon taswira kuma, a gida ake sa shi. Wata dattijuwa da muke kira Goggo, mai riƙon jikokinta biyu, ta zo mini da wayarta ranta a ɓace.

"'Yar nan, duba mini. An ce wai yaran nan ba su cancanta ba. Ke kin san dutsen da muke hawa."

"Goggo, wa ya cike miki?"

"Wani yaro ne a shagon da ake buga takardu, can kusa da makarantar. Riyal ashirin ma na ba shi."

Da na buɗe, sai ga ɗigon gidan Goggo zaune daram a kan shagon. Yaron ya danna "inda nake yanzu" ne kawai ya wuce, taswira kuwa ta ɗauki inda yake zaune, taku kaɗan daga ƙofar makaranta. Muka hau soron gidanta da wayar, muka jira shuɗin ɗigon ya daina rawa, na ja taswirar da yatsa har na ga tankin ruwanta da lungun da ke bayan masallaci, sannan na danna. In kin san Makka kin san dalilin hawa soro: a cikin ɗaki, tsakanin dutse da dogayen gine-gine, waya kan jefa ki wani layin dabam, wani lokacin ma wani gefen dutsen. To ko wani ne zai cike miki, ki sa ya zo gidan, ko ki tura masa ɗigon da kika ɗauka a ƙofar gidanki.

Akwai kuma masu wayo, waɗanda ke sa adireshin ɗan'uwa da ke nesa don a ga kamar sun fi kowa buƙata. In an karɓa, motar can za ta je ta tsaya, ƙofar gidan ɗan'uwan. Ban ga ribar ba.

Kafin ranar cikewa ki tabbatar kina iya shiga Nur da asusun uban yara ko naki, kuma duk yaran suna rataye a ƙarƙashinsa. Yaron da ba ya fitowa a jerin, ba za ki iya nema masa komai ba, sai makaranta ta haɗa shi. Matar da mijinta ya rasu, ko wadda aure ya mutu yaran suna hannunta, ta kai takardar kotu ta riƙon yara a mayar da su ƙarƙashin sunanta. Kada ta bari sai lokaci ya ƙure tana neman tsohon miji a waya ya turo mata lambar sirri. Lambar wayar da ke cikin asusun ma ki duba ta. Sau nawa saƙon karɓa ko na biyan kuɗi ke tafiya wani tsohon layi da aka yar tun shekarun baya, ko wayar maigida da ke can wurin aiki, shi kuma ba ya buɗe saƙonni sai na banki.

Cikewar kanta ba ta da wuya, ba ta kai dafa shayi ba. Ki shiga Nur, ki nemi sashen jigilar makaranta, ki zaɓi yaro, ki zaɓi neman mota na shekarar da ake magana, ki duba adireshi da taswira, ki amsa tambayoyin da aka yi miki da gaskiya, ki amince da sharuɗɗa, ki tura. Kowane yaro da nasa neman, ko da makarantarsu ɗaya. Ki ɗauki hoton shafin ƙarshe ki ajiye. Abin da ke da wuya shi ne sanin ranar da aka buɗe, domin galibi ana buɗe neman shekara mai zuwa tun wadda ake ciki ba ta ƙare ba, lokacin da hankalin kowa ke kan jarrabawa. Rafed na sanarwa a shafukansa, makarantu ma kan tura a zauren WhatsApp na iyaye, wanda yawancinmu mun kashe masa ƙara saboda yawan surutu. Daga tsakiyar shekara ki riƙa leƙawa. Mu a Makka da Madina da Jidda da Ɗa'if wani lokacin kalandarmu kan ɗan saɓa da ta sauran garuruwa saboda aikin Hajji, kamar a 2025 da muka koma mako ɗaya bayan su Riyad. Kada wannan ya sa ki ɗauka neman mota ma zai jira mu.

Kuɗin rajista riyal 200 ne ga kowane yaro a shekara, ana biya ta Sadad, wato hanyar biyan kuɗi ta asusun banki, ko da katin banki. Mai yara huɗu zai ji shi a jikinsa in ya zo lokaci ɗaya da kuɗin kayan makaranta da jakunkuna, amma ki tuna abin da direban haya ke karɓa a wata guda kan kai haka ko ya fi. Neman da ba a biya masa ba bai cika ba. Na ga waɗanda suka cike tun ranar farko suka kwanta da murna, ashe takardar biyan na nan tana jiransu. Ki biya, ki ajiye shaida. In daga baya ba a samar wa yaron mota ba, da wannan shaidar za ki nemi a mayar miki da kuɗinki.

An ɗauke wa wasu wannan kuɗi: 'ya'yan iyalan da ke karɓar tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, wato Daman, da yara masu naƙasa. In kina cikin Daman amma kika ga an fito miki da takardar biya, kada ki yi saurin biya, alama ce cewa sunan yaron bai haɗu da fayil ɗinku ba, kuma wannan rashin haɗuwar zai iya rage masa matsayi wajen tantancewa. Ki gyara can tukuna. Yaro mai naƙasa kuwa, musamman mai keken guragu, akwai motocin da aka tanada dominsu, sai a bi ta malamin da ke kula da ajinsu.

Ina da magana a kan yaran da ciwonsu ba ya nunawa a fuska. Sikila tana da yawa a cikinmu, haka asma. Yaro mai sikila da zai tako daga makaranta da azahar a watan Satumba, zafin Makka ya haura digiri 40, kin san inda za a kwana. Amma mu da kunya da gudun bakin mutane, sai mu ɓoye, har makaranta ba ta sani ba. Ki karɓo rahoton likita mai hatimi ki kai a sa a fayil ɗinsa tun kafin neman mota. Shi ne hujjarki in an zo tantancewa, shi ne kuma zai sa malama ta san abin yi ranar da ciwon ya tashi a aji.

To an karɓa, an ba ku lambar mota. Nan wani aikin ya fara, kuma a wurina ya fi na cike-ciken nauyi, don ɗan aji ɗaya shekararsa shida ne kacal.

Babbar mota ba ta shiga lungu, ba ta hawa matakala. Wanda ke zaune a kan duwatsun da ke bayan Shari' Mansur, ko cikin lungunan Hindawiyya da Jarwal, ya san ko motar gas ma a ƙasa take tsayawa. Za a ba ku wurin taruwa a bakin babban titi. Kafin ranar farko ki taka da yaron daga ƙofar gida zuwa wurin, ki ga tsawon lokacin da ƙafarsa ke ɗauka, ba taki ba. Ki duba ko sai ya tsallaka titi. In sai ya tsallaka, ki roƙi mai kula da motar ko za a iya tsayawa ta ɓangarenku, in bai yiwu ba to dole babba ya riƙa raka shi safe da rana. Doka ta hana wuce motar makaranta in ta tsaya ɗauka ko saukewa, tararta daga riyal 3,000 zuwa 6,000 ce, amma tara ba ta mayar da ƙafar yaro. Ki koya masa kada ya bi ta gaban motar ko ta bayanta, ya tsaya har ta tafi ya ga titi sosai.

Ki tambayi kuma a ina gidanku ya faɗo a zagayen. Wanda aka fara ɗauka da safe shi ya fi kowa daɗewa a mota, yana fita ana idar da asuba, sau da yawa kuma shi ake saukewa a ƙarshe. Ga yaron da makarantarsa ba ta da nisa sosai, wannan na iya zama wahalar da ta fi tafiyar ƙasa. Ni da kaina na taɓa barin kujerar ƙaramar 'yata saboda haka, yayanta ya riƙa kai ta kafin ya wuce tasa makarantar. In kin yanke irin wannan shawara ki sanar a cire sunan, akwai wata uwar da ke jira.

Abin da ke hana ni barci shi ne yaron da barci ya kwashe a kujerar baya. An sha jin labarin yaran da aka manta a mota a ƙasar nan, aka kulle, rana ta yi aikinta. Aikin direba ne ya zaga motar bayan kowa ya sauka, amma ni ba na barin ran ɗana a kan ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Ƙarami ya zauna gaba-gaba. A haɗa shi da wani babba a cikin yaran layinku, a ce masa, "Kai ne yayansa, kada ka sauka sai ka ga ya sauka." A kwantar da shi da wuri, don yaron da ya kai sha biyun dare yana kallon waya dole ya yi barci a mota. Na kuma nuna wa nawa inda ake danna hon, na ce in ka farka ka ga ba kowa, kada ka tsaya kuka, ka je ka danna kada ka saki. Ranar da yaro ba zai je ba, ki gaya wa direba da makaranta. In kuma saƙon rashin zuwa ya shigo miki alhali kin sa shi a mota da hannunki, kada ki ce bari a tashi, ki kira nan take, in ba a ɗauka ba ki kira 911. Manhajar Rafed tana taimakawa wajen sanin motar yaronki da bayananta, ki sauke ta, amma lambar direba da ta mai kula da motar su kasance a wayarki da ta maigida.

Da rana kuma wa zai tarbe shi? Yawancinmu muna fita nema, wata tana aikin abinci, wata tana gidan aiki. Ki tsayar da mutum ɗaya sananne, ko kaka ko maƙwabciya, direba ya san fuskarta. Lokacin tashi yana sauyawa da sanyi, yana sauyawa da azumi, ranakun jarrabawa kuma a kan sallami yara da wuri. Ranar da aka ga hadari aka ce an dakatar da zuwa makaranta a koma Madrasati, shafin karatu daga gida, babu mota, sanarwar kuma wani lokacin cikin dare take fitowa.

In amsa ta zo da hani, ki fara karanta dalilin kafin ki ɗaga murya. In adireshi ne ko takarda, ki gyara ki sake turawa. In kujeru ne suka ƙare, ki sa mai kula da motar ya rubuta sunan yaron, ki riƙa leƙa shi bayan makonnin farko, domin a lokacin ne ake gane waɗanda suka yi ƙaura da waɗanda suka karɓi kujera ba sa hawa. Ki je da fara'a, ki gaishe shi, ba shi ya hana ki ba. In kina ganin an danne miki haƙƙi ne, Ma'aikatar Ilimi tana da hanyar shigar da ƙorafi mai suna Tawasul. Ki rubuta a taƙaice, da lambar yaro, da hoton neman, da shaidar biya. Dogon labarin wahalar da kike sha ba ya ƙara komai a can.

Wanda bai samu ba, ko wanda tun farko ba ya ciki kamar 'ya'yan ƙanwata, sai direban haya. Nan ma akwai doka: Hukumar Sufuri ce ke ba da lasisin jigilar ɗalibai, direba kuma sai ya kai shekara 25. Na san yawancin masu ɗaukar yaran unguwanninmu ɗan'uwa ne ko ɗan maƙwabci mai ƙaramar bas, kuma kunya ba ta barin a tambaye shi takarda. To ko ba ki tambayi takarda ba, ki fito ki ƙirga kawuna da kujeru. Wani da ya taɓa ɗaukar yaran ƙanwata, da aka fara da yara daidai kujeru, kafin wata biyu har kan cinya ake ɗora su, na'urar sanyaya motar kuma ta mutu ya ce sai ƙarshen wata. Ranar da ta gani da idonta ta cire su. Ki kuma tambaya ko shi ɗin ne zai riƙa zuwa kullum, don wasu kan karɓi yara su miƙa wa wani yaron da ba ki taɓa gani ba.

Tun da mata suka fara tuƙi a 2018, wasu a layinmu suka koma karɓa-karɓa: gida uku ko huɗu masu yara a makaranta ɗaya, wannan ta kai yau, waccan ta ɗauko gobe, wadda ba ta da mota ta sa kuɗin mai. Yana tafiya daidai in an yi magana a fili tun farko a kan ranar da wata ba ta da lafiya ko ta yi baƙi. Bas ɗin Makka na haya kuwa yana da araha da tsabta, amma ba na ɗan firamare shi kaɗai ba ne, sai da babba.

Da direban haya, ku yanke maganar kuɗi kafin ya fara: na wata ne ko na zango, ana biyan watan da hutu ya cinye rabinsa ko ba a biya, yaya za a yi da azumi in lokaci ya sauya, wa zai kawo madadin ranar da motarsa ta lalace. Ku yi ta a rubuce ko da a saƙon waya ne. A nan Makka ki ƙara tambaya ɗaya, ko zai ci gaba da zuwa in Umra ta yi zafi a Ramadan, domin da yawansu a wannan watan jigilar baƙi ta fi musu kawo kuɗi, sai ki wayi gari da yaro sanye da kayan makaranta a ƙofar gida, wayar direba kuma a kashe.